Kundin aikin farfaɗo da wani fako a ƙasar Miriya

15 ga Janairu 2024

An raba mana wuraren aikin ƙarshen karatu. Mu uku muka faɗa wani ƙauye a ƙasar Miriya, gabas da Damagaram: ni, da abokina ɗan Magariya, da wata 'yar ajinmu 'yar unguwar Birni. Abin da aka ɗora mana wani fako ne a bayan gari, wanda mutanen ƙauyen suka nemi a taya su farfaɗo da shi. Za mu auna shi, mu zana taswirarsa, mu binciki ƙasarsa, mu tsara inda za a gina rabin wata, wato ramuka masu siffar rabin da'ira da gaɓar ƙasa a gefe don tare ruwan sama, mu tsaya a kan ginar, sannan mu bi damina mu ga abin da ruwa zai yi.

Dalilin buɗe wannan kundi wata gardama ce da ba ta ƙarewa a ajinmu. Darussa biyu ne suka fi shan suka: ilimin ƙasar noma da awon fili, wanda muke ce wa topo. Malamai daban ke ba da su, a shekaru daban, kuma da yawa cikinmu haddace su suke yi don jarrabawa kawai. Ana cewa wayar hannu ta kashe topo tunda akwai GPS a cikinta, ilimin ƙasa kuwa ai manomi ya fi mu saninsa. Ina so in riƙa rubutawa a kowane mataki wane darasi ne ya yi mana aiki, kuma ko aikin nan irin wanda ake ɗaukar mutum dominsa ne.

22 ga Janairu

Da gidan mai gari muka fara. Malaminmu ya gargaɗe mu tun a aji cewa kada mu kafa na'urar awo a ƙasar da ba mu san mai ita ba. Mun gaishe shi, muka faɗi abin da ke tafe da mu, ya saurara har muka gama, sannan ya ce: "'Ya'yana, yau ba wanda ke son wurin nan. Ranar da ya yi kore, mutum goma za su tuna kakansu ya taɓa nomansa. Ku za ku koma birni, mu za mu zauna da rigimar. Ku rubuta kafin ku gina." Muka ce, "To, ranka ya daɗe."

Abin da ya nema shi ne ainihin abin da dokar filayen karkara ta tanada, wato doka mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993. Ita ce tushen hukumomin filaye da ake kira Kofo, waɗanda yanzu ake da su a matakin jiha ƙarama, da na gunduma, da na ƙauye, inda mai gari ke shugabanta. Su ke ba da takardun shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. Miriya na cikin wuraren da aka fara gwada tsarin.

Mun zaga iyaka tare da dattawa da wakilin makiyaya. Alamominsu su ne kututturen gamba, layin aguwa, da wani tsohon gawo. Wani ɓangare gadon gidaje biyu ne, sauran kuma makiyayar gari, ga burtali ya ratsa ta arewa. Mun ɗauki kowace kusurwa da GPS na hannu, amma kuskurensa yakan kai mita 3 zuwa 5. Wannan ba komai ba ne idan girman fili gaba ɗaya ake nema. Tsakanin gonakin 'yan'uwa biyu kuwa, mita 5 ta isa ta raba zumunci. Don haka kowace kusurwa da ta shafi gidajen nan biyu mun ƙara ɗaure ta da tef daga abubuwa biyu da ba sa motsi. A kan takardar muka rubuta tsarin lambobin wuri a taswira da muka yi amfani da shi, wato WGS 84, yankin UTM na 32, domin wanda zai zo bayanmu ya samu wuraren ba tare da ya neme mu ba. Filin ya ɗan haura hekta 4.

5 ga Fabrairu

Kwanakin nan duk a kan awon gangare suka ƙare. Tushen awo mun kafa shi a kan wani falalen dutse a gefen filin, irin duwatsun nan da suka cika ƙasar Damagaram. Mun shafa masa fenti, muka ƙaddara tsayinsa mita 100. Turke akuya na iya tumɓuke shi, yaro na iya ɗauka, dutse yana nan. Daga nan muka shimfiɗa raga ta turaka, mita 20 tsakanin kowane biyu, muna fitar da kusurwa madaidaiciya da igiya mai mita 3, 4 da 5.

Sauran aikin shi ne abin da muka sha yi a harabar makaranta. A kafa na'ura a kan ƙafa uku, a daidaita kumfa ta zauna a tsakiya, a karanta sandar awo ta baya, a karanta ta gaba, a rubuta nan take. A sa na'ura tsakiyar sandunan biyu, nisa ɗaya gaba da baya, domin ko akwai ɗan karkata a idonta ya goge kansa. Abin da harabar makaranta ba ta koyarwa shi ne rana. Da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗau zafi, lambobin sanda sai su riƙa rawa a cikin gilashi, ga hazo ya rage nisan gani. Mun mai da aikin daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma, sai kuma bayan la'asar, muka rage nisan kowane karatu.

Ido yana cewa filin shimfiɗe yake. Littafin awo ya ce yana sauka kamar mita ɗaya da rabi a kowace mita 100, yana fuskantar arewa maso gabas, kuma akwai wani ɗan kwari marar zurfi da ya ratsa tsakiya, wanda ko a tsaye kake a cikinsa ba ka ganinsa. Abokina ya kunna wayarsa a wuri ɗaya muna kallo, tsayin da take nunawa yana hawa yana sauka da mitoci da dama, kwatankwacin duk saukar filin daga wannan baki zuwa wancan. Waya tana gaya maka inda kake, amma ba za ta gaya maka inda ruwa zai bi ba.

Kowace rana muna komawa kan dutsen mu rufe zagaye. Idan ka tashi daga 100, ka zaga, ka dawo, dole lissafi ya dawo da kai 100 ko kusa da ita ƙwarai, 'yan milimita. In ya wuce haka, a sake. A aji ana cire maki a kan wannan, ɗalibai na ganin tsanani ne. Amma injiniyan da ke zaune a ofis, wanda bai taɓa taka filin ba, ba shi da hanyar amincewa da lambobinka sai wannan layin na ƙarshen shafi. A ganina shi ne farkon abin da ake saye a hannun ma'aikacin awo: lambobin da wani zai iya bincika ya ga sun riƙe kansu.

19 ga Fabrairu

Mun gina ramuka uku na duba cikin ƙasa a jere daga tudu zuwa gangare, kowane ya wuce mita ɗaya a zurfi, fuska ɗaya tana kallon rana, kuma ba a taka bakin wannan fuskar ba. Wani dattijo mai gona a maƙwabta, wanda muke kira Baba, ya zo ya zauna a bakin ramin farko, bai tashi ba har muka gama na uku. Tun kafin diga ta taɓa ƙasa ya raba mana filin: sama jigawa, tsakiya fako, ƙasa geza, can gaba kuma fadama ta fara. A ramin tsakiya ya ce wa mai ginar, "In ka kai gwiwa za ka ci karo da tsakuwa." Haka aka yi.

A jigawa rairayi ne sako-sako har ƙasan rami, saiwar sabara ta ratsa shi ko'ina. A geza launi ya yi duhu, laka ta ƙaru, can ƙasa akwai ɗigo-ɗigon tsatsa da ke nuna ruwa yana kwanciya a wurin wani lokaci na shekara. Ramin fako shi ya fi ɗaukar mana lokaci. A samansa akwai ɓawo siriri, 'yan milimita, mai sheƙi, yana ɓallewa falle-falle. Ƙarƙashinsa jar ƙasa ce matsattsiya wadda wuƙa ke shiga da ƙyar, babu saiwa, babu ramin gara, babu ko alamar tsutsa, sai tsakuwar marmara daga wajen santimita 45. 'Yar ajinmu ce ke riƙe da littafin launukan ƙasa, tana jiƙa ɗan gutsure tana gwadawa, ni ina murzawa tsakanin yatsu in ga ko zai yi igiya, ko igiyar za ta lanƙwasu ba ta karye ba, abokina yana rubutawa hawa-hawa.

Na tambayi Baba ko ya san wurin da ciyawa. Ya ce, "Ɗana, a nan na yi kiwo ina yaro. Kalgo da sabara ne har ba ka hango saniya." Ya ce bayan farin 1973 da na 1984 aka sare abin da ya rage, iska ta kwashe saman, ruwa ya daddaɓe sauran. Wannan labarin shi ne darasin da aka ba mu, a jere yadda yake a littafi. Ƙasar da ta rasa inuwa da ruɓaɓɓen ganye ba ta da abin da zai riƙe ƙwayoyinta tare. Ɗigon ruwan sama ya dake ta, ƙananan ƙwayoyi su warwatse su toshe ƙofofin da ruwa ke shiga, rana ta busar, ɓawo ya samu. Daga nan ruwa gudu yake yi a kai, iri ba ya samun wurin maƙalewa, fako ya riƙa faɗaɗa kansa.

Masu cewa manomi ya fi mu sanin ƙasa gaskiya suka faɗa, idan ƙasarsa ake nufi. Baba ya san wannan wuri fiye da yadda zan taɓa saninsa. Sai dai saninsa yana nan inda yake, ba ya shiga takardar neman tallafi, ba ya zuwa ɗakin bincike, ba a iya gwada shi da na wani dattijo a Tanut ko Gure. Aikinmu shi ne mu saurare shi da kyau, mu tabbatar da ramin, mu rubuta shi da ma'aunin da kowa ya yarda da shi. Ɗalibin da bai yi ilimin ƙasa ba zai ji maganar Baba ya gyaɗa kai kawai, bai san wace tambaya ce ta biyu ba.

26 ga Fabrairu

Ɗibar samfurin ƙasa. Kowane ɓangare daban, daga sama zuwa santimita 20, wurare kamar ashirin a karkace, a gauraya a bokiti mai tsabta, a ɗebi rabin kilo. An shanya a inuwa, an tankaɗe da rariya mai milimita 2, takarda ɗaya a cikin leda ɗaya a waje. Sun kama hanyar ɗakin bincike a Yamai, kusan kilomita 900.

Gwajin da ya fi tasiri bai ci ko dala ba. Mun yanke gindin gwangwani, muka kafa shi a ƙasa, muka zuba ruwa daidai gwargwado muna duba agogo. A jigawa ruwan ya ɓace kafin a gama magana. A fako ya tsaya har mutane suka gaji da jira. Sai muka fasa ɓawon da hauya taku ɗaya daga nan muka sake, ya shige a hankali amma ya shige. Matan da suka tsaya da tuluna a ka suka ce a maimaita. Wata Inna ta ce, "Ashe ƙasar ba ta mutu ba, bakinta ne a rufe."

8 ga Maris

Taswira ta fito a QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, da layukan tsayi ɗaya a kowane santimita 25, muka ɗora taswirar ƙasa a kanta. A nan ne darussan biyu da aka koya mana a rabe suka zama aiki ɗaya. Gangare ne ke faɗin inda ruwa zai nufa da irin gudunsa. Ƙasa ce ke faɗin nawa zai shiga, nawa zai wuce. Ba a iya tsara rami ko ɗaya da rabin wannan sani.

Ga lissafin. Rabin wata da aka saba yi a Nijar faɗin bakinsa mita 4 ne, zurfi santimita 15 zuwa 25, mita 8 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na kusa da shi a layi, mita 4 tsakanin layi da layi, a saɓa su yadda ruwan da ya kuɓuce tsakanin biyu zai faɗa bakin na ƙasa. Haka ake samun 313 a hekta. Kowane yana da rabon fili murabba'in mita 32, shi kansa ya ci 6 da ɗoriya, saura kusan 26 su ne ke tara masa ruwa. Milimita ɗaya na ruwan sama a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan muka ƙaddara kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ya sauka a fako gudu yake yi, ruwan milimita 30 zai kawo wa kowane rami lita 730 ko kusa, har da wanda ya sauka a cikinsa kai tsaye. Rami mai zurfin santimita 20 yana ɗaukar kamar lita 1,250. Wato yana da sarari. Amma ruwan milimita 50 a dare ɗaya zai kai shi baki, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a watan Agusta. Don haka muka tsaya a kan santimita 20 a matsayin mafi ƙaranci, da gaɓa mai kauri a daddaɓe.

Shawara biyu muka yanke da nake alfahari da su. Ta farko, ba za a gina rabin wata a jigawa ba. Rairayi yana shan ruwansa da kansa, babu abin tarewa, gaɓar ma iska za ta baje ta kafin damina. Ana yawan yin wannan kuskure inda ake ƙirga nasara da yawan ramuka, ka wuce ka ga an tone tudun rairayi an ɗauki hoto. A jigawa mun ba da shawarar sassaben zamani: a bar kututturen sabara, kalgo da gawo, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura. Wannan dabara ta yaɗu daga Maradi tun shekarun 1980, inda Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma, kuma ƙasashen Miriya, Magariya da Matamaye na cikin inda ta fi kama ƙasa. Ana ƙiyasta hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar. Gawo kuwa kowa a nan ya san shi, yana zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana, ya ba shi taki.

Ta biyu, ɗan kwarin nan na tsakiya. Ruwan da ke binsa ba na filin kaɗai ba ne, har da na duwatsun da ke sama. Rabin wata ba zai iya da shi ba. Mun zana masa jerin duwatsu guda uku a gicciye, muka rubuta a rahoto cewa nan ne wurin da ya fi rauni.

20 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara. Na'urar makaranta ta koma, dama ba za a bar ta a ƙauye ba. Layukan muna fitar da su da tiyo mai ruwa: tiyo garai-garai ɗaure a sanduna biyu masu alama, a fitar da kumfar iska tsaf, a jera sandunan a ga ruwa ya tsaya a alama ɗaya kafin a fara, a sake jerawa lokaci-lokaci domin zafi yana sauya shi. Samari huɗu muke koya wa. Ɗaya bai yi boko ba, makarantar allo ya yi, amma shi ya fara gane cewa mai sandar gaba ne ke hawa ko sauka har ruwa ya daidaita, ba a matsa wa tiyo. Layin da suka ja da kansu mun gwada shi da turakanmu, ya zauna.

Babu darasin da ya koya mana koyarwa. Amma ba ka iya sauƙaƙa abu ga wani sai ka san dalilinsa har gindi, kuma mai riƙe da tiyo da mai leƙen na'ura doka ɗaya suke bi.

16 ga Afrilu

An fara gina bayan sallah. Zafin bana ya wuce misali, ana fita da duku-duku a tashi kafin rana ta take. Maza na sara da diga, mata na kwashe ƙasa suna ɗaga gaɓa, kuma a gaskiya gaɓar mata ta fi kyau. Aikinmu ya koma na dubawa: baki ya kalli tudu, ƙasar da aka tono ta koma gefen gangare, ƙahonin biyu su zauna a tsayi ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya ƙasa, ta nan ruwa zai zube ya yanka.

Mun yanka sanda mai santimita 20, kowa na iya ɗauka ya gwada raminsa. Tun da aka yi haka gardama ta ragu, domin ba ni ke cewa rami bai kai ba, sanda ce. Wani magidanci da ya girme ni nesa ya ɓata rai da na ce a ƙara zurfi. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ga sanda, gwada da hannunka." Ya gwada, ya ɗauki digarsa. 'Yar ajinmu ce ke riƙe da rajista, suna da lambar layi da adadi, ana karantawa a gaban kowa da yamma. Inda ake biya bisa yawan rami, wannan littafi shi ne mutuncin ma'aikaci.

Takin gida ya yi kaɗan. An kawo abin da aka samu a amalanke, an zuba a ramukan gidaje biyun da za a shuka hatsi, na makiyaya za su samu irin ciyawa. Duwatsu kuma jeri ɗaya kawai aka iya tarawa cikin ukun da muka zana.

9 ga Mayu

Sakamakon binciken samfurin ƙasa ya iso. Babu abin mamaki: ƙasar tana da ɗan tsami, ruɓaɓɓen abu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, cikin sinadaran da shuka ke ci azot kaɗan ne, fosfor kuma shi ne mafi ƙaranci, kamar yawancin ƙasashen hatsi na Sahel. Amfanin takardar shi ne ta hana a kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Mun ba da shawarar ɗan tsunkule a ramin shuka, giram 6 na takin zamani NPK 15-15-15, dabarar da cibiyoyin binciken noma ICRISAT da INRAN suka daɗe suna gwadawa. A ramin shuka 10,000 wannan kilo 60 ne a hekta, kuma mu ramukan cikin rabin wata kawai za mu sa wa.

Ranar kasuwa wani mai lambu daga wajen Gidimuni ya ji labarinmu ya ɗauke mu zuwa garkarsa. Saman ƙasa ya yi fari, kayan lambu sun tsumbure, ya ƙara taki bai ga sauyi ba. Mun jiƙa ƙasar da ruwa mai tsabta muka auna, pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, ya haura 9. Kanwa ce. Ruwan ƙarƙashi yana kusa, yana hawowa, rana ta shanye shi ta bar gishirin a sama, kuma sodiyom ɗin kanwa yana wargaza laka har ruwa ya kasa ratsawa. Taki ba ya maganin wannan. Abin da ake bukata shi ne hanyar da ruwa zai wanke gishirin ya fita da shi, da ma'adinin jibsin in an samu, da ruɓaɓɓen taki mai yawa. Magudana kuwa sai an san inda ya fi gangare. Ko a garka mai taku hamsin, tambayar ƙasa ta sake komawa tambayar awo. Mutumin ya ce nawa zai biya a auna masa. Karo na farko ke nan da wani ya yi mana tayin kuɗi a kan abin da muka koya.

28 ga Yuni

Ruwan shuka ya sauka. Ma'aunin ruwan da muka kafa a gidan mai gari ɗansa ne ke karantawa yana rubutawa kowace safiya. Ramuka sun kama ruwa layi-layi, tsakaninsu ya bushe kafin azahar, cikinsu da laima har kwana uku. An shuka irin hatsin da ake kira HKP da wake.

21 ga Agusta

Damina mai nauyi ce bana, ko'ina a ƙasar ana maganar ambaliya. An yi wani ruwan dare da ya wuce abin da ramuka za su ɗauka. A yawancin filin ruwa ya cika ya zube ta ƙahoni biyu a tare, ya faɗa na ƙasa, gaɓa ba ta karye ba. Wannan aikin tiyo ne. A ɗan kwarin tsakiya kuwa, ƙasa da jerin dutse ɗayan da aka yi, ruwa ya fasa gaɓa a layuka uku ya fara yanka kwazazzabo. Mun ɗauko taswirar Maris muka shimfiɗa a gaban mai gari da dattawa, ga jan layi a daidai wurin. Ba a yi dogon zance ba, washegari amalanke biyar suka fita neman dutse.

Ciki kuwa hatsi ya yi baƙi ƙirin don kyau. Gara ta shiga takin ta huda ƙasa, wuƙar da ke tsayawa a Fabrairu yanzu tana nutsewa. Ƙarangiya da wasu ciyayin da ba mu shuka ba sun fito a bakin gaɓa, iska da ruwa suka kawo irinsu suka samu wurin tsayawa. A gefen burtali garmani ma ya fito, mun ce a tumɓuke shi kafin ya yi 'ya'ya, don dabba ba ta damu da shi ba kuma yana cinye makiyaya.

6 ga Satumba

Na dawo gida Damagaram na tarar da gari cikin jimami. Tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe ranar 3 ga wata saboda ruwa. Gidaje da yawa sun faɗi a unguwanni. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwa ba ya nutsewa da nisa, sai ya bi gangare ya taru a tafkuna, kuma gari ya faɗaɗa har cikin hanyoyinsa. Garin da ya shekara da shekaru yana neman ruwan sha ga shi ruwa yana rusa shi. Ina tafiya a lungunanmu ina ganin abin da na gani a fako: saman da ba ya shan ruwa, da kwarin da ido ba ya gani sai ranar da ya cika. Duk magudanar da za a gina, duk sabon rabon filaye, sai an fara da wani ya kafa ƙafa uku ya rufe zagaye, wani kuma ya tona ya ga me ke ƙarƙashi. Ba na jin masu wannan sana'a sun ishe mu.

14 ga Oktoba

An yi girbi. Mun keɓe murabba'ai, muka yanke, muka shanya, muka auna zangarniya da tsaba da kara daban-daban, lambobin suna cikin rahoto. Wurin da bara ko tsinke bai bayar ba ya ba gidaje biyun damma, ciyawa kuma an hana shiga sai ta zubar da iri. Shekara ɗaya mai ruwa da yawa ba ta isa a yanke hukunci ba, mun rubuta haka ƙarara, muka nemi a ci gaba da karanta ma'aunin ruwa a sake auna murabba'an nan a baɗi.

Fayil ɗin ya ƙunshi yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Janairu, taswirar iyaka, littafin awo da duk zagayensa, bayanin ramuka uku, sakamakon bincike da rajistar gina. Kwafi ɗaya ga makaranta, ɗaya ga Kofo ta gunduma, ɗaya a hannun mai gari. Abokina ya samu gurbin gwaji a wani ofishin masu awon filaye, kuma littafin awonmu ne suka fara buɗewa, suka duba ƙarshen shafuka kafin su tambaye shi takardar shaida. 'Yar ajinmu wata ƙungiya mai aikin gyaran ƙasa ta kira ta tattaunawa, tambayar da suka fi tsayawa a kai ita ce me ya sa ba mu gina a jigawa ba. Ni zan koma Gidimuni ranar Asabar. Mai lambun ya haɗa maƙwabtansa shida, suna so a auna musu gangaren garake gaba ɗaya kafin a fara aikin rani, kuma sai na nemi aron na'ura da ma'aunin gishiri kafin nan.